Tambayar da Apondi Ba Ta Amsa Ba

Apondi Owiti ba ta taɓa son kifi ba, alhali a cikinsa ta tashi. Uwarta ta rasu tana ƙarama, gwaggonta Anyango ta riƙe ta a wani tsibiri cikin tafki, inda mata ke wuni suna feɗe kifi. Ta riƙe boko hannu bibbiyu don ta tsere wa ƙarnin. Ta zauna birnin Kisumu, ita da abokin sana'arta Ogola suka kama shago bayan kasuwa, suna haɗa ƙananan akwatunan kwamfuta masu gadin ɗakunan sanyi. Ɗaya yana tsibirinsu, a ɗakin ƙungiyar matan da gwaggonta ke shugabanta. Shi ke auna sanyi, in batirin hasken rana ya yi ƙasa ya tada janareto, in zafi ya yi yawa ya yi jiniya. Duk gudun da ta yi, ashe gadin kifi za ta ƙare a kai.

Kowane akwati yana da abin da masu sana'ar ke kira kanel, wato gindin manhajar, wanda ke haɗa na'ura da kunnenta da bakinta. Gina shi ake yi, kuma kafin ginin sai ya jero maka tambayoyi: kana son wannan? Wancan fa? Duk sabon da ya fito da nasa sababbin tambayoyin. Apondi ɗaya bayan ɗaya take amsawa, shayinta na hucewa a gefe. Akwai umarni guda mai yanke wahalar. Ka ce wa na'ura ta riƙe tsofaffin amsoshinka, sababbin tambayoyi kuma ta ɗauki amsar da masu kanel ɗin suka ajiye, kada ta dame ka. Kowa da shi yake aiki, ba laifi ba ne. Sharaɗin kawai in ka gama ka gwada sabon tsarin da tsohon, ka ga me ya shiga, me ya fita.

"Ke dai da alƙali kika zama da mun huta," in ji Ogola. "Mutum ya wuni yana gaisawa da kwamfuta sai ka ce surukarsa!"

"Kai kuma da bakinka na da makunni da tuni na gama."

Wata Juma'a haƙori ya tasa ta gaba, kunci ya kumbura suntum. Ga sabon kanel ya fito, tambayoyin suka fara zubowa, ta dube su da ido ɗaya, ta ce yau kam a kai kasuwa. Ta buga umarnin nan. Ta ɗora sabon kanel a akwatin gwaji na kan tebur, fitila ta kawo kore. To amma akwatin tebur ba shi da ma'aunin sanyi, ba shi da layin waya, korensa farkawa kawai yake nufi. Ta san haka sarai. Ta tura wa akwatin tsibiri, ta tafi a cire mata haƙori.

Da safiyar Asabar ta buɗe kwamfuta, gurbin tsibirinsu wayam, ba lamba ba saƙo. Sai a lokacin ta gwada tsarin biyu. Sabon kanel ya canja wa wata tambaya suna, amsar da aka ajiye mata kuwa "a'a" ce. Ta ƙofar wannan tambayar kuwa ma'aunin sanyi da layin waya duk suke bi. Akwatin ya farka kurma kuma bebe, ba yadda za ta taɓa shi daga nesa. Ga hadari ya rufe rana tun jiya, batir na ƙarewa. A cikin ɗakin akwai kamun mako guda na matan ƙungiya, ana jiran jirgin masana'antar da ke saye ranar Litinin.

Wayar gwaggonta a kashe. Ana binne wani dattijo a ɗaya gefen tsibirin, kuma jana'izar Asabar ba ta barin kowa a gida. Da ƙyar ta samu mai gadi, tsoho Okumu.

"Baba, kana jin ƙarar janareto?"

"Tsit, 'yata. Lafiya lau ke nan. Ga fitilarki kore shar ta taga."

"Ba lafiya ba! Fasa kwaɗon ka tada shi da hannu."

"In fasa kwaɗon Anyango? Kina so a binne mutum biyu yau? Ba ke kika tara mu kika ce kowa ya taɓa ƙofar nan abin bai yi kuka ba, shi ya ɓata kifi?"

Ita ta faɗa, har da ɗaga yatsa.

"Baba, don Allah aika a kira ta."

"Wa zan aika? Ni da karnuka muka rage."

Ta shiga motar haya da auduga a baki, kwamfuta a cinya, wata mata da kaji a gefenta. Nan cikin gargada ta sake ginin, tana amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ne zalla ya kama ta. Ta san matan nan da sunayensu, ta san wadda kifin nan ne abincin 'ya'yanta. A bakin ruwa mai kwalekwale ya ce ba ya tashi sai an cika. Ta tsaya tana kallon sama, ko rana za ta leƙo. Ba ta leƙo ba.

Da yamma ta sauka tsibirin, daidai mata na dawowa daga jana'iza, kowace da sauran wake da masara a ƙulle. Anyango ta hango ta ta yi turus.

"'Yar Owiti, me ya samu fuskarki? Wa ya kira ki?"

"Gwaggo, ba ni makulli."

Ƙofar na buɗewa warin ya fito ya tarbe su. Anyango ta shiga, ta danna cikin wani babban kifi da yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Ta bi layin akwatunan kifin tana dannawa. Na masana'anta kam ya lalace. Na can ƙasa kusa da ƙanƙara ne kawai ke da sauran rai.

"Abin naki bai yi kuka ba," ta ce.

"Ni na toshe masa kunne, Gwaggo. Sauri nake yi."

Wata bazawara mai suna Awuor ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗora hannu a ka. Anyango ba ta ko dubi Apondi ba, ta juya ga matan.

"A hura wuta. A kawo gishiri. Abin da zai ƙyafu a ƙyafe shi kafin duhu."

Apondi ta durƙusa gaban akwatin ta ɗora masa gyararren kanel. Yana farkawa ya ji zafin ɗakin, janareto ya tashi, jiniya ta ɓarke har karnuka suka ɗauka. Mata suka ɗago kai daga kan kifin suna kallonta. Kunya ta rufe ta, ta ji da ma ƙasa ta tsage.

"Kashe mana wannan abin, mun ji," in ji Anyango. "Zo nan."

Ta matsa mata wuri a kan tabarma kusa da Awuor, ta miƙa mata wuƙa. Apondi ta naɗe hannun riga ta jawo kifi. Awuor ta tura kwanon gishirin tsakaninsu.