Kawu Stamatis, Mai Karanta Bango Kafin Ya Shafe

Ranar Juma'a Kawu Stamatis zai ajiye burushinsa ya yi ritaya. Ina gaya wa mutanen unguwarmu tun yanzu, akwai abin da zai lalace, kuma ba mu shirya ba.

Shekara talatin da ɗaya yana yi wa hukumar birni aikin shafe rubutun bango a wannan gefe na Atina, babban birnin Girka. Ƙarfe bakwai yake fitowa da baro, da bokitin fenti ruwan toka, da burodi mai riɗi a aljihu. Masu baƙar riga su rubuta a kori baƙi, ya shafe. Masu rufe fuska su rubuta a ƙone gwamnati, ya shafe. Waɗancan sun karya masa yatsu biyu, waɗannan sun ƙona masa baro da kwalbar fetur. Fentinsa bai sauya launi ba.

Sai dai ba ya shafewa sai ya karanta. Zagi ba ya tsayar da shi. Amma in ya ga sunan mutum, ajiye burushi yake ya nemi gidan.

Bara, a farkon Nuwamba, ya same ni ina buɗe gareji.

"Lambros, ɗora kofi. Na gaske, ba ruwan wankin da kake ba kwastomomi ba."

"Lafiya, Kawu?"

"Akwai suna a bangon bayan makaranta."

Ɗana Fotis, mai shekara ashirin, ya yi wata shida yana bin masu rufe fuska. Na ce, "Nasa ne?"

"Sunan ba nasa ba ne. Rubutun ne nasa. Tun yana ɗan shekara tara nake shafe hannunsa, lokacin sunan ƙungiyar ƙwallo yake rubutawa. Har yau bai iya miƙe layi ba."

Sunan Minas ne, ɗan mai gidan burodi, wanda ya shiga masu baƙar riga. An sa lambar gidansu, an sa sha ɗaya ga wata, alamar ranar da za a kai masa hari. Ranar waliyyin da ya ci sunansa ke nan, ranar da a al'adarmu ƙofa take buɗe, kowa ya shiga ya yi barka, ba mai tambayar wa ya gayyace shi.

Kafin Kawu ya zo wurina ya riga ya gaya wa mahaifin Minas, ya gaya wa 'yan sanda. Hannun wa ne, wannan bai faɗa ba. Ya ce in kawo masa Fotis.

Da rana tsaka na kai shi gaban bangon, mutane suna wucewa. Fotis ya ce, "Kai karen gwamnati ne, tsoho."

"To, karen ya tsufa, kafaɗarsa ba ta ɗaguwa. Ungo."

Ya miƙa masa burushi. Fotis ya daɗe a tsaye, sannan ya karɓa. Sau uku Kawu ya sa shi ya maimaita shafen, wai sunan yana leƙowa.

Ranar sha ɗaya Kawu ya sayi kwalin alewa, ya je ya yi barka, ya ja kujera bakin ƙofar su Minas. Tun safe har baƙon ƙarshe ya fita bai tashi ba. Duk wanda ya zo, sai ya gaishe shi da sunansa da sunan ubansa. Mai sayar da jarida ta ce ta ga matasa biyu a kan babur, da hular kwano, sun tsaya a kwana suna kallonsa, sannan suka juya.

Kai ne, Kawu, ka san hannun 'ya'yanmu fiye da mu da muka haife su. Na gode. Mahaifin Minas ma ya ce in gode maka, ko da yake har yau bai san dalilin da ya sa nake tsallaka titi in na hango shi ba. Ku kuma iyaye, in kun fito da safe ku rage sauri, ku karanta bango.

Fotis yana kwana a gida yanzu, yana taya ni aiki. Ban san wanda zai ɗauki bokitin ranar Litinin ba, ban san ko zai tsaya karatu ba. Kuma ban sani ba ko ɗana yana cikin biyun nan na kan babur.