Mai Waya da Wasan Ƙarfe Biyu

A gidan talabijin ɗin kowa Mai Waya yake kiranta, har masu gadi. Ta zo neman aiki tana budurwa, burinta ta karanta labarai. Ranar gwaji aka haska mata fitilu, aka juyo mata da kyamara, sai harshenta ya ɗaure. Wanda ya gwada ta ya ji tausayinta ya ce, "Muryarki ba ta da laifi, kyamara ce jininku bai haɗu ba." Aka kai ta wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, aka ba ta tebur da waya da littafin lambobi. Aikinta ta riƙa buga wa gidaje da rana tana tambayar abin da suke kallo.

Shekara goma sha shida ta yi a ɗakin nan. A ciki ta yi aure, ta haifi uku. Takardar da take cikewa tambaya huɗu ce kacal, amma matan da take kira ba sa tsayawa a huɗu. Ta san wata tela da kekenta ba ya yin shiru, da tsohuwar da ke jinyar mijinta, da mai kitson da ke maƙale waya a kafaɗa tana zagin mugun da ke cikin wasan kwaikwayon tashar kamar maƙwabcinta ne. Mijinta bakanike yakan tsokane ta ya ce, "Ke albashin surutu kike ci, ni kuwa in na dawo sai 'uhm' da 'to'." Sai ta ce, "In hira kake so, ka ba ni lambarka in sa a littafi."

Ana haka wata sabuwar tasha ta buɗe a tsallaken titi, ta ɗora nata wasan kwaikwayon daidai ƙarfe biyu na rana, lokacin da nasu yake fita. Duk Litinin ana manna ƙididdigar masu kallo a allon baranda, ma'aikata su yi cirko-cirko kamar ɗalibai masu duba sakamako. Cikin wata uku wasansu ya gangaro daga na ɗaya zuwa na huɗu. Masu talla suka fara ja da baya. Manaja ya sayo sababbin kyamarori, ya ɗauko wani darakta mai son hoto mai kyau: doguwar harara, hawaye yana gangarowa a hankali, kiɗa yana tashi. Wasan ya yi kyau a ido, masu kallo kuwa suka ci gaba da zarewa. Raɗe-raɗi ya cika gidan cewa za a rufe wasan, mutum arba'in su rasa abin yi.

Ranar taron da za a yanke shawara, an kira Mai Waya ne don kawai ta miƙa takardunta. Da Manaja ya ce ko akwai mai magana, don cika ƙa'ida ya faɗa, har ya fara tattara biro. Sai ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, matan nan ba kallo suke yi ba, saurare suke yi."

Darakta ya yi dariya. "To rediyo muka buɗe ke nan?"

"Ƙarfe biyu hannun mace ba ya zaune, yallaɓai. Wata tana guga, wata tana gaban tukunya, wata tana cire wa yara kayan makaranta. Jiya wata tela ta ce mini, ''Yar'uwa, na ɗago kai daga ɗinki na tarar mata da miji sun rabu, ban ji abin da ya raba su ba.' Mu minti uku muke yi ana kallon-kallo. Na tsallaken titi kuwa suna kiran sunan juna, suna faɗin abin da ke ransu. Ko daga madafa kana biye da su."

Manaja ya ajiye biron hannunsa, sannan ya ce, "Wanda ya rasa mafita ba ya raina shawara. Na ba ku wata biyu."

Abin da aka yi ba wani mai wuya ba ne. Kafin a saki kowane kashi, sai a zaunar da Mai Waya ta juya wa allon talabijin baya tana ninke wasiƙu a ambulan. Duk inda labarin ya ɓace mata sai ta ɗaga hannu, a gyara wurin. Ranar farko sau goma sha tara ta ɗaga. Darakta ya buga ƙofa ya fita yana cewa an mai da sana'arsa wasan yara. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta. A na uku ya zo ya ja kujera kusa da ita yana sosa ƙeya.

"Na je gidan yayata na zauna da rana," in ji shi. "Sau biyu ta kalli allon cikin rabin awa. Ta ce in gaishe ki, kuma in rage taurin kai."

Mako biyar ƙididdigar ba ta motsa ba, har Mai Waya ta daina bi ta gaban allon baranda. A na shida mai kwalliyar 'yan wasa ta faɗo ɗakinta ko sallama babu, tana haki. Sun hau na uku. Bayan wata biyu suka hau na biyu, kuma a nan suka tsaya, don na tsallaken titi ma ba barci suke yi ba. Amma masu talla sun dawo, ba a sallami kowa ba.

Daga baya aka rufe ɗakin waya, saboda wani kamfani ya karɓi aikin ƙidaya da na'ura. Mai Waya ta koma ɗakin marubuta, inda matasa suke karanta mata rubutunsu tana runtse ido. Kwanan baya tashar tsallaken titi ta aiko mata da tayin aiki. Ba ta da niyyar tafiya, amma ta bar wasiƙar a kan tebur a buɗe. Washegari Manaja da kansa ya tsaya aka gyara fankar ɗakin, wadda ta shekara biyu a mace.