Hoton Kumbo da Gonata ta Bakin Rafi

Shekarun baya, ban fi wata huɗu da kuɓuta daga hannun mutanen daji ba, saura ƙiris wani hoto ya raba ni da gonata.

Na dawo gida ba na son magana, kuma in babur ya wuce da gudu sai in zabura. Shi ke nan mutanen garinmu Randagi suka yanke cewa kaina ya taɓu. Yayana ya fara sintiri wurin kawunmu, wanda shi ne babba a gidanmu, yana cewa a ba surukinsa gonata ta bakin rafi ya noma, wai kafin in samu sauƙi. Gonar da na tumɓuke kututturanta da hannuna. Ga damina ta ƙarato. Kawu ya ce zai duba.

Ranar kasuwa da hantsi muna zaune a rumfar mai faci, har da Kawu da yayana, sai abokina ya zaro waya. Ya yi sakandare, don haka abin da wayarsa ta faɗa yankan wuƙa ne.

"Ku zo ku ga ikon Allah! Kumbon nan na Amurka da ya tarwatse da mutum bakwai, ga shi yana fashewa."

Aka yi ta salati. Da aka miƙo mini na riƙe wayar a juye, aka yi dariya, na gyara. Hoto shida ne a jere. Sama baƙi ƙirin da taurari, kumbo fari tas, jar wuta tana fita ta gefensa kamar an zana. Na mayar masa.

"Ƙarya ne."

"Au, mutanen ba su mutu ba ke nan?"

"Sun mutu. Hoton ne ƙarya."

"Tauraron ɗan'adam ne fa ya ɗauka, kai da ko sunanka sai da dangwale."

"Shi tauraron tun jiya aka gaya masa, ya je ya tsaya yana jira?"

Mai faci ya tuntsire da dariya. Ni kuwa na ci gaba, don rabon da in haɗa magana mai tsawo haka na manta. Na ce ranar da abin ya faru, shekaru da yawa baya, ina sussukar dawa, rediyona na rataye a reshe. An ce kumbon yana hanyar sauka ne, gari ya waye, mutane daga ƙasa suka hango shi yana rarrabuwa, guntayensa suka zubo har gonaki. To ina wayewar gari a nan? Kuma na taɓa ganin mota ta fashe, kusa kamar daga nan zuwa mai tsire. Wuta ba ta tsaya wa kowa ya yi mata hoto mai kyau har shida.

Yayana ya juya wajen Kawu. "Ka ji ko? Yanzu kuma da Turawa yake musu."

Kawu ya dafa gwiwata. "Ɗana, ka ce ka yi kuskure mu tashi. Mai hankali ba ya jayayya da abin da ido ya gani."

Na san me yake nufi. In na sunkuyar da kai, gona tawa ce. Na dubi ƙasa, na ɗago.

"Kawu, in ka ga dama ka ba surukinsa gonar yau. Hoton nan ƙarya ne."

Na tashi na bar musu rumfar.

Ashe abin ya tsaya wa Kawu a rai. Ya aika aka kira maƙwabcinmu Bagwari, malamin firamare, ya ce ya bincika masa. Sai da bawan Allah ya hau dutsen bayan gari inda ake samun sabis, har sau biyu. Ya dawo ya ce haɗarin gaskiya ne, amma hotunan daga wani fim aka yanko su, fim ɗin ma ya girmi haɗarin.

Kawu ya kira yayana a gabana. "Mutumin da ya riƙe maganar rediyo shekara da shekaru, shi ne kansa ya taɓu? Gaya wa surukinka ya nemi wata."

Yayana bai ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba. Abokina ya ce ai dama shi ma ya yi shakka. Ruwan farko na sauka na shuka masarata.

Har yau wasu na cewa wauta na yi, na sa abincin iyalina a caca kan kumbon da ban taɓa gani ba. Wataƙila. Amma a daji an ce in durƙusa na durƙusa. An ce in ce ni jaki ne, na ce, har da kukan. Can akwai bindiga a ƙeyata. A rumfar mai faci na duba hagu na duba dama, ban ga mai bindiga ba. To don me zan sake?