Tsakuwa Hamsin a Aljihun Don Anselmo

Ranar Talata ce, ina suyar agade da safe, ɗan acaba ya tsaya a ƙofar gidana ya kashe mashin. 'Yan acaban nan ba sa kashe mashin, daga kai suke ƙwala kira. Da na ga ya cire hula ya riƙe ta hannu biyu, sai na sauke kaskon a hankali don kada man ya zube mini a ƙafa. Ya ce Wilkin ya faɗi a filin atisaye, an kai shi asibiti. Na hau bayansa da takalmin wanka a ƙafata.

Shekarar ɗana goma sha shida. Watansa bakwai a San Pedro, a gidan wani mutum mai tara yara yana horar da su ƙwallo, don in masu ɗaukar 'yan wasa zuwa Amurka sun zo su gani su zaɓa. Ƙwallon jifa da sanda nake nufi, besbol, don mu nan Dominikan ba mu san wata ƙwallo ba. Sai bayan addu'ar kwana tara yaran ɗakinsu suka gaya mini allura ake yi musu, irin ta dawakin sukuwa, wai don damtse ya cika. Zuciyarsa ce ta tsaya. Ni na sa hannu a takardar tafiyarsa, ban iya karanta rabinta ba.

Wanda nake so ku sani shi ne Don Anselmo Pié, tsohon da ke koya wa yaran garinmu ƙwallo. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, idonsa ya yi yana. Ba wanda zai kira sunansa a rediyo, shi ya sa na ce bari ni in kira.

Shekara talatin da wani abu, kullum kafin rana ta yi zafi, yana filin da ke bayan tsohon ma'aunin rake da manjagara a hannu. Ya share, ya tsince kwalba, ya yayyafa ruwa, ya ja layi da tokar murhu. In ya gama ya zauna gindin mangwaro yana ɗinke yagaggun ƙwallaye da zaren takalmi. Kafin yara su taso daga makaranta sai ya gangara bakin hanyar jirgin ƙasa mai ɗaukar rake ya tsinci tsakuwa hamsin ya zuba a aljihun dama. Duk jifa ɗaya da yaro ya yi, tsakuwa ɗaya ta koma aljihun hagu. In na dama ya ƙare, yaro ya sauka daga jifa ke nan, kuma ba zai sake jifa ba sai bayan kwana uku. Ko ɗan waye.

Shi da kansa an sa shi jifa yana saurayi har gwiwar hannunsa ta lalace. Har yau hannun damansa ba ya miƙewa. Da hagu ya yi saran rake har ya tsufa.

Bayan rasuwar Wilkin, Elvin kaɗai ya rage mini, yana ɗan shekara goma. Na hana shi ƙwallo. Na ƙone safar cafe ƙwallon yayansa a murhu yana kallo. Amma a garin nan ta ina za ka hana? Murfin gorar ruwa da sandar tsintsiya sun isa, kowane lungu fili ne. Wata rana maƙwabciyata ta ce ta gan shi a wajen Don Anselmo. Na ɗauki muciya na nufi can.

Bai tashi daga inda yake zaune ba. Ya bar ni na gama zagin da zan yi, yara sun yi cirko-cirko. Sannan ya ce, "Maman Wilkin, zauna tukuna."

Wata biyar ba wanda ya kira sunan nan a gabana. Na zauna a ƙasa.

Ya ce in na hana yaron nan fili, zai koma bayan gonar rake ya yi jifarsa, kuma can ne waɗancan mutanen suke samun yara, inda ba idon uwa. Ya ce a filinsa ba abin da ke shiga cikin yaro sai ruwa da abincin gidansu. "In ba ki yarda da ni ba, kin kyauta. Ki riƙa zuwa kina tsare ni."

Washegari na tarar ya kafa benci da katakon tsohon keken shanu. Ni kaɗai na fara zama a kai, kamar mai gadi. Daga baya wasu iyaye mata suka biyo ni, kowa da tsoronta. Da mata suka cika wurin, 'yan mata suka ce su ma a ba su sanda, ya ba su. Yaran Haiti sababbin zuwa, waɗanda sauran filaye ke kora saboda ba su da takardar haihuwa, ba mai iya sayar da hannunsu ga masu ɗauka zuwa Amurka, duk ya karɓe su. Da wani ya yi masa maganar takarda sai ya ce shi ma bai taɓa ganin tasa ba, ga shi kuma an haife shi. Yanzu ranar Lahadi in an tashi daga coci, garin gaba ɗaya filin yake komawa. Tsofaffin da ba su san dokar wasa ba su ne kan gaba wajen yi wa alƙalin wasa tsiya, suna tambayarsa ko ya bar idonsa a gida.

Ni dai ban taɓa kallon wasan da daɗi ba. Hannun Elvin nake kallo, yana ƙara tsawo, jifarsa tana ƙara ƙara a safar mai cafewa. Duk wanda ya ce mini yaron nan ya fi yayansa, ranar ba na iya cin abinci.

Bara, yana shekara goma sha uku, abin da nake gudu ya zo. Wata farar mota ta tsaya bakin fili, wani mutum mai sarƙar zinariya ya fito da na'urar nan mai kama da bindiga da suke auna gudun ƙwallo. Ba wanda ya tafi da Wilkin ba ne, wani ne, amma tafiyarsu ɗaya. Elvin ne ke jifa. Ya fitar da yara bakwai a jere, ba wanda sandarsa ta taɓa ƙwallo. Mutumin ya duba na'ura, ya ɗaga waya, ya ce a ƙara masa jifa goma kawai, akwai wanda zai nuna wa hoton.

Sai na ga Don Anselmo ya sa hannu a aljihun dama ya zaro shi waje, ba komai ciki. Ya fara takawa zuwa tsakiyar fili a hankali.

Wurin ya rikice. Ƙanena Chucho ya haye wayar shingen fili yana ihu, "Tsoho, jifa goma ne fa. Don naka hannun ya mutu sai ka kashe na kowa?" Wasu suka ce baƙin ciki ne, wasu suka ce ya ɓoye tsakuwa. Elvin ya ɓoye ƙwallon a bayansa yana roƙo, "Baba, don Allah, hannuna bai gaji ba, ko kaɗan."

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ma a lokacin, cikin raina, cewa na yi a bar shi ya ƙara. Na hango rufin gidana ba ya yoyo. Ni da na binne ɗa. Abin nan haka yake shiga mutum, shi ya sa nake tsoronsa.

Don Anselmo bai kalli kowa ba. Ya miƙa hannun hagu ya tsaya, har Elvin ya sa masa ƙwallon yana kuka.

Mutumin bai yi fushi ba, irinsu ba sa fushi. Ya zo wajen benci ya durƙusa gabana, yana ce mini Mama. Ya ce yana da gida a birni, gado mai kyau, nama kullum, da 'yan magungunan ƙarin ƙarfi. Kalmomin da aka gaya mini ranar tafiyar Wilkin, ko ɗaya bai canja ba. Sai na ji tsohon a kaina yana cewa, "Faɗa mata sunan maganin. Ga mata nan goma sha biyu, kowa ta ji, gobe mu kai wa likita ya karanta mana."

Mutumin ya yi dariya, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce zai dawo. Bai dawo ba tukuna. Elvin ya yi mako biyu ba ya gaida Don Anselmo, Chucho har yau ba ya gaishe shi.

Don Anselmo, kai ne ka tsaya ranar da uwar yaro ma ta kasa tsayawa. Kai ne ka sha zagi a gaban garin da ka yi wa shara shekara talatin, ka koma gida ka dawo da safe da manjagararka. Ba ka taɓa kai yaro Amurka ba, suna yi maka gori da haka. Ni kuwa abin da na sani, ba ka taɓa aiko wa wata uwa ɗan acaba ba. Na gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma masu filaye, daga nan har San Pedro, ga abin koyi. Ku sauke yaro in lokacinsa ya yi, ko ana ihu. Ku kafa wa iyaye mata benci. Mu ma mata kada mu bar bencin nan ya bushe don tsoho ya tafi, don ban san wanda zai karɓi filin ba, kuma masu farar mota sun fi mu sanin ranar da zai tafi.

Elvin ya shiga sha huɗu, ya fi ni tsawo. Kullum da safe kafin ya sa rigar makaranta, nakan ce ya zo in shafa masa man kwakwa. Yana ƙunƙuni, wai shi ba jariri ba ne. Ina bin damtsensa da yatsa, dama da hagu, har kafaɗa, ina neman ɗan jan tabo kamar cizon sauro. Ya san abin da nake nema. Juyowa kawai yake ya ba ni ɗaya hannun.