Hotunan da Suka Tsinke a Littafin Baba

Shekarun baya kaɗan, lokacin da idon mahaifina ya fara janyewa, ya kira ni ɗakinsa a gidanmu na Shamaki, ya ce in zauna. Likita ya riga ya gaya mana gaskiya: hawan jinin ido ne, magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Na gyara zama ina jiran wasiyya. Sai ya nuna min tsohuwar kwamfutarsa.

"Babana," ya ce, don sunan mahaifinsa na ci, "na gama littafin nan. So nake in karanta shi da idona, daga farko har ƙarshe, tun ina gani."

Tarihin gidanmu ne. Yadda kakanninmu suka taso daga ƙasar Katsina da fatauci suka yada zango a Gombe, wa ya haifi wa, wa ya gina wane soro, wa ya rasu a hanyar Makka. Kusan kowane mutum da hotonsa.

Sai na faɗi wani abu game da mahaifina kafin a gane sauran. Aikin buga takardu ya yi a ofishin gwamnati har ya yi ritaya, a kan tafireta irin mai ƙararrawa a ƙarshen layi. A wurinsa kwamfuta tafireta ce da aka cire wa ƙararrawa, kuma bai taɓa yafe wa wanda ya cire ba. In layi ya kai ƙarshe, shi zai sauke shi da hannunsa. In zai sa kan babi a tsakiya, sai ya ƙirga haruffan, ya danna dogon maɓallin tazara daidai adadin da lissafi ya ba shi. Hoto kuma sai ya yi ta sauke layi har ya buɗa masa fili, sannan ya ɗora shi a ciki. A takarda littafin ya fi na wasu maɗaba'u tsafta. Matsalar ita ce takarda ta riga ta fi ƙarfin idonsa.

Na samo masa babbar waya mai faɗin allo, irin wadda za ka ƙara wa haruffa girma yadda kake so. Na mayar da littafin na waya da yamma guda, ina jin kaina kamar wanda ya ƙirƙiro lantarki. Na tura wa baffana, ƙanen Baba da ke Manawashi, don ya daɗe yana damunmu da tambaya.

Washegari da hantsi ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar gida. Ko sallama bai ƙarasa ba.

"Ina yaron nan da ya kashe ni?"

Ya miƙo wayarsa. Shi ma idon ba na saurayi ba ne, ya ƙara girman rubutun, sai hotuna suka bar mazauninsu. Ga baffa nan da babbar riga yana murmushi, a ƙarƙashinsa kuma bayanin wani kawunsu da ya rasu tun ba a haife ni ba.

"Na karanta ta'aziyyata da kaina," ya ce. "Wai mutum ne mai haƙuri, ba a taɓa jin muryarsa a waje ba, Allah ya jiƙansa. Mai haƙuri! Nan na gane ba ni ba ne."

Baba ya yi dariya har da tari. "Da ka yi shiru ka karɓa. Ba za ka sake samun irin wannan shaidar ba."

"Yaya, kai ne fa marubucin. Kai zan kai ƙara."

Muna cikin dariyar Baba ya ɗauki tasa wayar ya ƙara girman haruffa yadda zai iya gani. Layuka suka kakkarye, kalma ɗaya a sama, biyu a ƙasa, kan babi ya maƙale a gefe. Ya shafa allo, sai fari fat. Ya sake shafawa, fari fat. Filin da ya buɗa wa hoto ne, hoton kuma ya yi gaba abinsa. Ya daɗe yana kallon farin nan, sannan ya tambaya a hankali:

"Idona ne, ko littafin?"

"Littafin ne, Baba."

Ban taɓa jin daɗin amsa laifin wani abu kamar ranar ba.

Akwai abokina da muka yi makaranta tare, yana da shagon tsara littattafai a Bolari, tsakanin mai walda da mai gyaran babur. Baba ya ce ƙafarsa ƙafata, ba zai bari a yi wa littafinsa tiyata a bayan idonsa ba. Abokin nawa ya durƙusa ya gaishe shi, ya share masa kujera, sannan ya juyo kaina.

"Farfesa, duk karatun nan naka littafi ɗaya ya gagare ka?"

Ya buɗe rubutun, ya danna wani ƙaramin maɓalli da na shekara da shekaru ina gani ban taɓa tambayar aikinsa ba. Shafin ya cika da ɗige-ɗige. Duk inda na ɗauka fili ne kawai, ashe ba fili ba ne. Kowace tazara da Baba ya danna ta fito da ɗigonta, jere reras kamar shuka a kunya, kowace saukar layi da alamarta. Shekarun da ya yi yana zama bayan la'asar yana bugawa, ga su nan gaba ɗaya, sawun babban yatsansa. Na yi karatun littattafai daidai gwargwado, amma ban taɓa ganin wahalar marubuci kwance a fili haka ba.

"Baba," abokina ya ce, "aikin nan babu kuskure a cikinsa. Takarda aka yi wa shi. To littafin waya ba shi da shafi. Kamar ruwa yake, mazubin da aka zuba shi, siffarsa yake ɗauka. Hotunan nan a kan shafi aka ajiye su, shafin kuma ya tafi. Sai mun ɗaure kowanne a jikin maganarsa, inda ta je ya bi ta."

Ya nuna mana alamar ɗaurin, wata 'yar ƙugiya irin ta tsayar da jirgin ruwa. Baba bai taɓa ganin teku ba, amma ya yi kiwo.

"Turke ke nan," ya ce. "Ashe hoton ma akuya ne."

"Shi ke nan, Baba. Amma sai an share ɗige-ɗigen nan duka. Tazarar, littafin ne zai riƙa ba kansa."

Baba ya ce a ofis ko bai sa hannu ba, da tazararsa ake gane takardar da ya buga. Bai faɗa don a ba shi haƙuri ba, faɗa kawai ya yi. Ya murza babban yatsansa a gwiwa.

"In an share, zan iya karantawa?"

"Za ka iya, in sha Allahu."

"To share."

Na ɗauka aikin mako ne. Umarni ɗaya abokina ya ba kwamfutar, kafin in haɗiye yawu ɗige-ɗigen sun ɓace. Ɗaure hotunan ne ya ci kwanaki, don ɗaya bayan ɗaya ake yi, Baba na zaune yana faɗin wane na wane ne, baffa kuma yana bugo waya yana tambayar ko an dawo da shi duniya.

Ranar da muka kai masa gyararren littafin, ya zauna a inuwar tsakar gida ya ƙara girman haruffa har kalma uku ke cika allo. Layi bai karye ba. Ya fara karantawa a fili, a hankali, da muryar da yake karanta takardar ofis. Ya kai kan mahaifiyarsa, ya gama sakin layin, ya shafa, sai ga hotonta a inda ya dace. Ɗan ƙaramin hoto ne na fasfo da aka ɗauka za ta aikin Hajji, tun kafin a haife ni yake cikin akwatinsa. Na nuna masa yadda ake buɗa hoto da yatsu biyu. Fuskarta ta cika allon. Ya kawo ta dab da hancinsa, ya daɗe.

"Babana," ya ce, "ashe murmushi take yi a hoton nan."

Da idonsa garau bai taɓa gani ba.

Ya sauke littafin kafin damina ta fita. Bayan nan ganin ya ci gaba da raguwa yadda likita ya ce, yanzu jikoki ke karanta masa. Na sha karanta cewa ilimi na zamani yana ƙwace wa mutum sana'arsa, kuma na ga an ƙwace ta mahaifina a gabana cikin ƙiftawar ido. Amma har yau in na tuna tsakar gidan nan, ba asarar nake fara tunawa ba. Dattijo nake gani, ganinsa saura ƙiris, yana kallon fuskar uwarsa fiye da yadda ya taɓa kallonta, ni kuma da duk karatuna ina tsaye ban sami abin cewa ba sai "Allahu Akbar".