Azumin da Munka Koma Ganye

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in maido muku abinku. Ga ta nan tafe gare ku, amma wagga ba ta dawa da aljannu ba ce. A layinmu anka yi ta, nan Nasarawa cikin Birnin Kebbi, kuma da hannuna a ciki.

Ina da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu. 'Yar Argungu ce kamar ni, ɗiyar masunta, aure ya kawo mu Birni ni da ita. Duk layi Mai Kifi ake ce mata, don mijinta kifin banda yake sarowa daga Argungu ya kawo kasuwa. Mace ce mai buɗaɗɗen hannu da tsinin baki. In azumi ya kama, ba gidan da ƙamshin kifinta ba ya shiga. Za ta aiko maka da tarwaɗa, ta bi ta da saƙo cewa a ci a hankali, ta san ba a saba ba.

Ana nan, sai ciwo ya kayar da mijinta, ɓarin jiki ya shanye. Fatauci ya tsaya. Abin da ke ɗaki ya tafi wajen magani kaɗan-kaɗan. Ita kuwa ba ta taɓa buɗe baki ta ce ma kowa komai ba. In ka tambaye ta ya mai jiki, ta ce da sauƙi, ta tambaye ka ya ƙiba.

Muna da makarantar matan aure da muke zuwa da hantsi. Ni dai har yau baƙi bai zauna mini ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Da azumin waccan shekarar ya gabato, ranar da Mai Kifi ba ta zo ba, malamarmu ta rufe littafi ta dube mu.

Ta ce: "Ɗaya daga cikinku tana cikin hali, kun san ta. A taimaka mata. Amma wadda duk ta bari kalmar sadaka ta fito bakinta a ƙofar gidan can, ta ɓata ladarta."

Munka ce ai wannan mai sauƙi ne. A wajenmu, in la'asar ta yi sanyi cikin azumi, kwanoni ke yawo a layi. Kowa na aika ma maƙwabci abin buɗa-baki, mai shi da marar shi, ba wanda ke kiran wannan sadaka. Sai munka shirya kowa ta riƙa cika kwanon Mai Kifi fiye da na kowa. Ni na ɗauki tuwo, don muna da shinkafar fadamar Zauro a ɗaki. Iya, Bayarabiyar da ke da shagon atamfa a bakin titi, wadda ta daɗe a cikinmu har Hausarta ta fi ta jikokina, ta ɗauki miya da alala. Sauran mata kowa da abin da ta iya.

Abin da munka manta, mu duka har malamar, shi ne ɗayan rabin al'adar. Kwano a wajenmu ba ya komawa wayam. In anka aiko maka, ka juye, ka wanke, ka sa wani abu a ciki ko da ƙanƙane ne, kana a mai da shi.

Ranar farko kwanona ya dawo da gutsuren kifi. Na ce to, ashe da saura a ɗaki. Kashegari ya dawo da daddawa. Bayan nan yaji a ƙulle. Sai ranar nan yara sunka shigo da kwano da nauyi, na buɗe, na ga alala da jar miya, manja na yawo a kai. Na ɗanɗana bayan an sha ruwa, tarugu ya bi ta hancina har na yi hawaye. Duk Nasarawa mutum ɗaya ke yin miyar da ke sa tsohuwa kuka.

Da safe na yafa mayafi na nufi shagon Iya.

Na ce: "Iya, jiya mi kika samu cikin kwanonki daga gidan Mai Kifi?"

Ta ce: "Tuwon shinkafa. Ya yi ruwa-ruwa, kamar mai tuƙin tana jin barci."

"Tuwona ne."

"Ai na sani, Hajiya. Wa ke tuwo haka in ba ke ba?"

Munka yi dariya har ta riƙe ciki. Sai dariyar ta yanke, don mun gane abin da ke faruwa. Kwanoni sun yi ma baiwar Allah yawa, ba ta da abin sawa a cikinsu. Sai ta riƙa juye na wannan cikin kwanon waccan, na waccan cikin kwanon wannan. Abincinmu na shiga gidanta ya fito ta ƙofar da ya shiga. Mu muna ta ƙoshi da girkin juna, muna jiran lada, ita da majinyacinta suna kallon tururi.

Na shiga gidan da azahar da sunan dubiya. Mijin na kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, wuyansa ya zama kamar na zakara. Likita ya hana shi azumi don magani, amma abin da na gani a gefensa kofin kunu ne tsararo. Ita kuma tana bakin rijiya tana ta dirzar kwanoninmu, an jera su suna sheƙi.

Ta ce: "Kin zo bin kwanonki? Ba a ci miki shi ba."

Na ce: "Na zo gaida mai jiki."

"Shina nan, da sauƙi."

Na fito ina lissafi. In na ce ta daina maidowa, na ce mata ba ta da shi ke nan. In munka daina aikawa, mun bar su da yunwa. In munka ci gaba, yunwar ce dai, da wanke-wanke a kai.

Na koma wajen Iya na zauna kan benci na rafka tagumi. Tana ƙulla alala a irin faffaɗan ganyen nan da ake kawo mata daga kudu. Ta ƙulla, ta ajiye, ta ƙulla, ta ajiye. Can ta ɗaga ɗaya ta dube shi.

Ta ce: "Hajiya, a garinku ana maido ganye?"

Na ce: "Wane irin maido ganye? Sai ka ce akuya ce ta aiko?"

"To, daga yau kwanonina duk sun ɓace."

Kafin la'asar magana ta zaga mata. Iya ta raba mana ganye. Na tuƙa tuwo na naɗe a ciki, miya Iya ta ƙulla a leda. Mai dambu ta naɗe, mai dafa-duka ta naɗe. Malamarmu ta aika da ƙwallayen hura a ganye. Yara sunka ajiye ma Mai Kifi a kan tabarma sunka juyo da gudu, hannu na dukan cinya.

Kashegari da hantsi na ji sallamarta a tsakar gidana, irin sallamar da ke zuwa da faɗa a bayanta.

Ta ce: "Ke, ɓarayi sunka shigo layin ga?"

Na ce: "Subhanallahi, mi ya faru?"

"Na ga kwanon kowa ya ɓace rana guda. Har ke da kika tara na aurenki kamar za ki buɗe shago."

"Yayi ne. Yanzu duk manyan mata ganye suke yi."

"Yayi! Ku da Iya kun mai da ni tunkiya."

Ta tsaya tana hararata, ni kuma na duƙufa ina tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya. Sai ta zauna bakin turmi. Ta shiga murza bakin zanenta.

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa: "Ya ci. Jiya ya ci har ya nemi ƙari."

Na ce: "Alhamdu lillahi."

"Ya ce tuwon ya yi ruwa."

"Ki ce mishi in ya warke ya zo ya tuƙa."

Ta miƙe, ta zaro wani abu daga ƙarƙashin mayafi ta ajiye mini a faifai. Ganyen jiya ne, an wanke shi tas, an shanya, an ninke shi kamar kayan lefe.

Ta ce: "Ki ba Iya. Ni ba a aiko mini abu in mai da hannu wayam."

Haka munka ƙare azumin. Ganye ya je da abinci, ya dawo a wanke, kowa ya riƙe mutuncinsa. Ranar salla mijin ya fito ƙofar gida da sanda, ya zauna kan kujera ana gaishe shi.

Shi dai ya ƙara 'yan shekaru, har ya riƙa takawa masallaci, kana Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Malamarmu tana nan tana karantarwa, yanzu in ta zo babin maƙwabtaka sai ta dube ni ta yi murmushi. Iya ta tsufa, ɗiyanta sunka zo sunka tafi da ita garinsu, ta bar ma surukarta shagon da miyar, har yau ba a rage tarugu ba. Mai Kifi ta koma Argungu wajen babban ɗanta, wanda ya gaji fataucin ubansa. Duk azumi direban mota na sallama a ƙofata da saƙonta, tarwaɗa banda manya-manya. Ni kuwa ina nan inda kunka same ni, na cika ɗaki da kwanoni, ina jiran ranar da za ta yi kuskure ta aiko a kwano in rama. Ba ta taɓa yi ba. Kullum a takardar siminti take naɗowa.