Kofin Ruwa a Kan Kanta

Mai shagon ya daɗe yana sayar da kantocin ɗora kayan sauti, amma bai taɓa ganin mai saye irin wannan ba. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha guga, farcensa a yanke tas. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Yana shafa ƙarfen wata kanta da bayan hannu, yana danna ƙafafun robar da ke shanye jijjiga, sai ya ce a kawo masa ruwa a kofin gilashi.

Ba sha zai yi ba. Ya ɗora kofin a saman kantar, ya sa a ƙure ƙarar sifika, ya durƙusa yana kallon ruwan ko ƙiftawa babu. Ruwan ya ɗan motsa, motsin da sai mai neman laifi zai gani.

"Ta yi rawa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ai ko takun mutum a ɗaki yana kawo wannan."

"Na sani. Shi ya sa a gidana ba a tafiya in ina sauraro."

Mai shago zai yi dariya ke nan, sai idonsa ya faɗa kan matar mutumin, wadda tun shigowarsu take tsaye a bakin ƙofa. Ta cire takalmanta ta riƙe, alhali ba wanda ya ce ta cire. Yanzu ya gane irin gidan da kantar za ta. Kiɗa yana girgiza gilashin shagon, amma ita ta damƙe awarwaronta da ɗaya hannun, kada su yi ƙara.